Gudun da Ke Barin Mutum Ya Amsa Gaisuwa

Ranar da na fara gudu ban yi minti uku ba na tsaya na dafa gwiwoyi. Ƙarshen shekarar 2016 ne, hunturu ya sauka a Kano, an fito daga sallar Asuba ke nan. Ina sanye da wandon da nake shiga ɗakin kwaɓi da shi, da wani tsohon kambas na babban ɗana. Wani dattijo mai komawa gida da carbi a hannu ya dube ni, ya leƙa bayana bai ga kowa ba, ya ce, "Alhaji, lafiya? Wa ya biyo ka?" Na buɗe baki zan amsa, haki ya hana ni. Ya girgiza kai ya wuce.

A unguwarmu ta wancan lokaci, magidanci mai shekara arba'in da ɗoriya ba ya gudu haka siddan. In an gan shi yana gudu, to ko gobara ko ɓarawo. Dattijon kuwa bai yi kuskure ba, ana bi na. Mai fulawa yana bi na, mai sukari yana bi na, wanda ya sayar mini da motoci biyu yana bi na ragowar kuɗinsa. A makon nan ne kuma likita ya ɗaura mini abin awo a damtse, ya duba, ya sake ɗaurawa, sannan ya ce jinina ya yi hawan da magani kaɗai ba zai saukar ba sai na rage tumbi da tunani. Tunani dai ban san ta inda ake rage shi ba. Tumbi an ce tafiya tana rage shi, ni kuma da ban saba yin komai a hankali ba sai na ce bari in yi gudu a gama da wuri.

Wannan halin na a gama da wuri shi ya jefa ni cikin ramin tun farko. A 2009 maigidana ya sallame ni bayan shekara goma sha ɗaya ina aiki a gidan burodinsa, tun daga shafa wa gwangwani mai har na zama mai kula da tanderu. Da abin da ya ba ni da kwasar adashin uwargida na gina tanderun itace a wani kango bayan gidanmu. Buhu biyu na fulawa muke kwaɓawa a rana, ni da yara uku. Masu shayi su ne kasuwata: a kai musu da yamma a kan keke, washegari a karɓo balas. Na san kowane tebur. Na san mai biya cif, na san wanda sai an zauna an sha shayinsa kafin hannunsa ya sami hanyar aljihu. Zuwa 2013 mun kai buhu goma, kuma ba mai bi na ko sisi.

Sai wani ya buɗe katafaren gidan burodi a bakin titi, da gilashi da fitilu da injin kwaɓi da motoci masu ɗauke da sunansa. Ko mai shayi ɗaya bai ƙwace mini ba, amma barci ya ƙaurace mini. Cikin shekara ɗaya da rabi na buɗe gida na biyu da na uku a unguwannin da ban san kowa ba, na ɗauki motoci biyu a kan zan riƙa biya duk wata, na fara karɓar fulawa bashi. Ciniki ya ninka uku, ana ta cewa Alhaji ya yi gaba. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne kwanakin da ke tsakanin fitar kuɗi da dawowarsu. Itace da man mota da ladan yara kullum ake biyansu, sababbin masu shayin kuwa su karɓa yau, gobe a tarar sun koma wani gidan da kuɗina a cikinsu. Ga shi burodi ba atamfa ba ne da za a ninke a ajiye. In ya kwana biyu ya zama kwantai, sai dai a zubar wa masu kiwo a kuɗin da bai kai na ledarsa ba.

Ana haka 2016 ta shigo. Farashin ɗanyen mai ya faɗi, dala ta yi wuya, a watan Yuni Babban Banki ya saki naira, dalar da ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati ta haye 300 cikin 'yan watanni. Mafi yawan alkamar da ake niƙa fulawarmu da ita daga waje ake kawo ta, saboda haka duk tarin da dala ta yi, buhun fulawa ne ke kamuwa da mura. Mai shayi kuma ba zai yarda a ƙara masa kuɗi ba, don shi ma lebura ne ke zama a bencinsa. Na koyi kashe waya. Na daina bi ta Kasuwar Singa. In na hango mai fulawa a wurin ɗaurin aure sai in tuna ina da uzuri.

A mako na uku da fara gudu na gamu da mutumin da muke kira Baba Saje, tsohon soja, mutumin Pankshin ta Jihar Filato, yankin da ya daɗe yana fitar wa Najeriya da gwanayen gudun dogon zango. A lokacin ya haura sittin. Kullum da asuba yana bin titin Gwarzo daga Kabuga ya nufi sabuwar Jami'ar Bayero, da wani ɗan taku mai kama da wasa. Na zo na wuce shi fuuu, bayan ɗan lokaci ya tarar da ni ina riƙe da falwaya. Ya san ni, don da burodina yake shan shayi. Ya ce, "Mai burodi, ina kwana?" Na ɗaga masa hannu. Ya ce, "Gaishe ka na yi, ɗana, da baki ake amsawa." Da numfashina ya dawo ya ce in biyo shi. Muka kama gudu kafaɗa da kafaɗa yana jero mini gaisuwa: ina gajiya, yaya iyali, yaya sanyi, yaya kasuwa, yaya masu jiki. Duk inda amsata ta tsinke sai ya ce, "Rage." Na rage har na ji kunya, don mai tallan koko tana iya kamo mu. Ranar na yi minti ashirin ban tsaya ba. Da za mu rabu ya ce, "Gudun da ba ka iya amsa gaisuwa a cikinsa aro ne, mai shi zai zo ya karɓa."

Daga baya na gane masana ma abin da suke faɗa ke nan. In mutum yana iya magana yana gudu, iskar da yake shaƙa tana isar jikinsa, zai iya daɗewa. In magana ta gagara, bashi yake ci daga tsokarsa. Hatta zakarun Kenya da ke atisaye a tsaunukan Iten da Kaptagat, mafi yawan gudunsu na mako a natse suke yin sa, ranakun wuta ƙidayayyu ne. Amma a daren nan ba Kenya nake tunani ba. Na kwanta ina lissafi, sai na ga wata uku ke nan ban amsa gaisuwar mai fulawa ba.

Washegari na shiga Singa. Na ce, "Alhaji, da kunya na zo." Ya ce, "Ai gara kunyarka da shirunka, zauna." Muka buɗe littafi, muka yanka abin da zan riƙa kawowa duk Asabar, da sharaɗin ba sabon bashi. Don in iya cika wannan alkawari dole na rufe gida na uku, bayan wata huɗu na rufe na biyu, na mayar da mota ɗaya. Mutum goma sha huɗu na sallama. A majalisa aka ce Alhaji ya karye, kuma ba ƙarya aka yi ba.

Abin da ya fi ci mini rai a lokacin shi ne tunanin cewa na gaza haƙuri. Tun muna yara ake gaya mana mai haƙuri yakan dafa dutse. A duniyar gudu ma labarin da aka fi so shi ne na John Stephen Akhwari, ɗan Tanzaniya da ya faɗi ya ji ciwo a gwiwa a gasar Olamfik ta Meziko a 1968, ya ɗaure ƙafar ya ci gaba da ɗingishi, ya shigo fili na ƙarshe, fiye da awa ɗaya bayan wanda ya yi na ɗaya. Labari ne mai sa tsikar jiki ta tashi. Sai dai akwai wani da ba a cika bayarwa ba. A watan Afrilun 2007, Haile Gebrselassie na Habasha, mai zinare biyu na Olamfik a tseren mita 10,000, ya fice daga gudun Landan bai ƙarasa ba saboda numfashi ya ƙi masa. Wata biyar bayan haka ya je Balin ya kafa tarihin duniya da awa 2 da minti 4 da daƙiƙa 26, a 2008 ya koma can ya rage shi zuwa 2:03:59. Akhwari ranar guda yake da ita, ya ba ta duk abin da ya mallaka. Haile yana da gobe, ya adana mata ƙafarsa. Ɗan kasuwa mai iyali da ma'aikata ya fi kusa da na biyun.

Baba Saje yana da yadda yake raba su. Ya ce ciwon da ke yawo a jiki, yau cinya gobe ƙugu, gajiya ce, a bi ta kansa a wuce. Wanda ya tsaya wuri ɗaya kamar an kafa ƙusa, yana ƙaruwa da kowane taku, rauni ne, a tsaya. Da wannan ma'aunin nake duba littafina har yau. Watan da ciniki ya ja baya a wurin kowa, kamar tsakiyar damina lokacin da hatsi ya yi tsada, gajiya ce. Reshen da ke cin kuɗi har a watan sanyi, lokacin da kowa ke neman shayi da burodi, ƙusa ce. Shekara biyu na yi ina gudu a kan ƙusa ina kiran abin haƙuri.

Daga nan aka shiga ƙari kaɗan-kaɗan. Dokar Baba Saje ita ce kada abin da za ka ƙara a mako ya wuce kashi ɗaya cikin goma na makon jiya, domin huhu yana riga jijiya da ƙashi sabawa. Mutum zai ji numfashinsa ya buɗe ya ɗauka ya ƙware, alhali agararsa ba ta shirya ba. Haka ciniki yake riga jari girma. Na ɗora wa tanderu irin wannan doka: ba na ƙara buhu sai an yi mako huɗu ba kwantai, kuma sai da kuɗin buhun a hannu. Na ware Juma'a ba gudu, don a ranar hutu ne tsoka take ɗinkewa, na kuma raba wa yara ranakun hutu, abin da ban taɓa yi ba. Na sayi littafi biyu, ɗaya na kilomita ɗaya na ciniki. Da na ji cewa Eliud Kipchoge, ɗaya daga zakarun Kenyan nan, duk da sunansa, yana rubuta kowane atisayensa a littafi da hannunsa, kuma yana cikin masu shara da wanke banɗaki a sansaninsu na Kaptagat, sai na daina jin nauyin zama da biro ina ƙirga ledoji. Ranar da na ce zan sayi takalmin gudu mai tsada, Baba Saje ya yi dariya ya tuna mini Abebe Bikila ya ci gudun Olamfik na Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa. Ni kuma na tuna gilashin da na kafa a gida na biyu tun ban san masu shayin unguwar ba.

A Fabrairun 2020 na tafi Legas na shiga gudun fanfalakin da ake yi a can duk shekara tun 2016, kilomita 42 da mita 195. Daga Babban Filin Wasa na Surulere aka tashi da sassafe. Shekara uku ina koyon taku, amma da na ga taro sai tsohon hali ya motsa. Wasu samari suka wuce ni, na ce ai ba za a bar Bakano a baya ba, na bi sahunsu. A kan doguwar gadar nan ta uku, mai kusan kilomita goma sha biyu a bisa ruwa, ina jin kaina kamar doki ranar hawan sallah. Wani da ke gefena ya yi mini magana, na kasa amsawa, na sani sarai, na yi kamar ban sani ba. Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa. Da muka haura kilomita talatin ƙafafuna suka zama itace. Na koma tafiya, na koma jan ƙafa. 'Yan Kenya da Habasha sun gama cikin awa biyu da 'yan mintoci, ni na shiga Eko Atlantic, inda layin ƙarshe yake, bayan awa biyar da rabi, rana tana dukan ƙeya.

Masu gudu suna kiran wurin nan katanga, kuma yana da dalili. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, wanda ke ƙonewa nan take, amma ajiyar ba ta cika wuce tafiyar kilomita talatin da 'yan kai ba. In ya ƙare sai jiki ya koma kan kitse. Kitse yana da yawa, ko a jikin siriri, sai dai a hankali yake narkewa. Wanda ya fara da wuta yana ƙone sukarinsa da wuri, wanda kuma ya ƙi kurɓar abin sha a hanya don bai ji ƙishi ba tukuna, katanga tana jiransa. A motar dawowa Kano na yi ta juya wannan. Kuɗin hannu su ne sukarin kasuwanci. Mota da tanderu da fili kitse ne, dukiya ce ta gaske amma ba ta narkewa ranar da mai itace ya tsaya a ƙofa. A 2016 ina da kitse jibgi, sukari ne babu.

Ban san darasin zai zo da wuri haka ba. A watan Afrilu aka kulle Kano saboda korona, azumi ya kama a cikin kulle, teburan shayi suka watse, fita sai ranakun da aka ware don cefane. Abin da ya riƙe mu shi ne kuɗin fulawa da ladan wata guda da na fara warewa tun bayan na gama biyan Alhajin Singa, da 'yan tiredar cikin unguwa da muka koma kai wa. Bayan nan aka yi ta karo da katanga. Yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 ya ɗaga alkama. A farkon 2023 canjin kuɗi ya sa takardar naira ta ɓace, mai shayi yana da ciniki a waya ba ya da abin miƙo wa yaro. A ranar 29 ga Mayu ta shekarar aka ce tallafin mai ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haye 500. Na ajiye motar da ta rage, muka koma keke da babur, na janye daga unguwanni masu nisa. Kowane karo mun rage taku, ba mu tsaya ba, kuma wayata a kunne take.

Duk da haka ba na son in yi wa gudu ƙarin gishiri. A Legas an rufe mana titi, an kafa allo a kowane zango, ana miƙo ruwa, kuma kowa ya san inda layin ƙarshe yake. Kasuwa ba mai rufe maka titi, ba allo, ba layin ƙarshe. Shi kansa Haile, wanda yana yaro yake gudun kilomita goma zuwa makaranta a yankin Asela, ya juya kuɗin ƙafarsa ya gina otal-otal da kamfanin sayar da motoci da gonar kofi, amma a tarzomar da ta ɓarke a Habasha a tsakiyar 2020 an ƙona masa otal a Shashamane da Ziway. Ba atisayen da ke hana wannan. Kuma ba mai yin nisa shi kaɗai. Ranar 12 ga Oktoban 2019 da Kipchoge ya yi kilomita 42 a Biyana cikin 1:59:40, mutum 41 ne suka riƙa karɓa-karɓa suna tare masa iska suna riƙe masa taku, kuma hakan na cikin dalilan da ba a sa lokacin a kundin tarihi na hukuma ba. Nawa masu tare iskar su ne uwargida da adashinta, da Alhajin Singa da ya ce zauna, da mai tanderuna da ya karɓi rabin lada a watan kulle bai ɗaga mini murya ba.

Yau in na fita da asuba ba mai tambaya wa ya biyo ni. Titin ya cika: ma'aikata, 'yan kasuwa masu tumbi irin nawa na da, mata da hijabi suna tafiya bibbiyu, yawancinsu likita ne ya turo su kamar yadda ya turo ni. Baba Saje ya koma gida Filato, gwiwa ta ce ya isa. Jinina ya sauka, ko da yake ban rabu da ƙwaya ba. Gidan burodi ɗaya nake da shi, buhun da muke kwaɓawa bai kai na 2015 ba, abin da ke saura a hannu ya fi na lokacin. Babban ɗana, mai kambas ɗin nan, ya fara yi mini maganar reshe. Ban hana shi ba. Na ce ya kawo kuɗin wata uku a ajiye, ya kuma kawo mini sunayen masu shayi ashirin na unguwar da ya zauna ya sha shayinsu.

Akwai wani suna da Bahaushe yake kiran gudun fanfalaki da shi, gudun ya-da-ƙanin-wani. Da can dariya sunan yake ba ni. A Legas, da na ɗauki takun da ba nawa ba, ƙafata kaɗai ta biya. A kasuwa kuwa mutum goma sha huɗu ne suka biya, ƙannen wasu da 'ya'yan wasu da na ɗebo a guje na yar a hanya. Shida sun dawo aiki. Ɗaya daga cikin sauran yana jan A Daidaita Sahu, kuma sau da yawa muna haɗuwa wajen Kabuga kafin rana ta fito. Yakan rage tafiya ya leƙo ya ce, "Maigida, barka da asuba, yaya kasuwa?" Numfashina yana isa in amsa masa har in tambayi iyali, ba haki ba sarƙewa. Amma duk cikin gaisuwar da ake yi mini a titin nan, tasa ce har yau nake jin nauyinta a ƙirji, sai na yi 'yan taku kafin ya sake ni.